Rabin Jinkar Ya'u

Yayana Ya'u direban tarakta ne. Ya fi shekara talatin yana jan garma a manyan gonakin dawa da riɗi na Simsim, kuma ban taɓa jin mai gona ya yi kuka da shi ba. Layinsa miƙe yake kamar an ja da igiya. Ba ya shan taba, ba ya zagi, ba ya wasa da salla. Aibinsa ɗaya ne, amma ya ishi mutum goma: kishi. In ka gaishe da matarsa sau biyu a yini ɗaya, sai ya tambaye ka abin da ka manta a gaisuwar farko. Ni ce ƙanwarsa, Kande, kuma in ka cire matarsa Lauratu, babu wanda ya sha wahalarsa kamar ni, don haka ina ganin ina da bakin faɗa.

Mahaifinmu, wanda kowa ke kira Modibbo, da ƙafa ya taso daga yamma da niyyar Makka. Ya tsaya a nan garin Gadarif, inda ake Larabci, don ya yi noman damina ɗaya ya haɗa guzuri, sai damina ɗayar nan ta zama arba'in. A nan ya yi aure, a nan ya haife mu, a nan aka binne shi, amma har ya mutu bai taɓa cewa ya zauna ba. Maganarsa kullum ita ce: "Kada ku ɗora bulo a kan bulo a ƙasar nan. Mu 'yan hanya ne." Ba shi kaɗai ba, tsofaffinmu da yawa haka suke. Su a wurinsu wanda ya yi ginin bulo ya warware niyyarsa. Sai dai gutiyya, ɗakin nan mai zagaye na kara da ciyawa, wanda ake sake baibaye jinkarsa duk shekara kafin ruwa ya sauka. Ya'u ya riƙe wannan magana da hannu biyu, ya kuma gaji hannun Modibbo wajen baibaya, don duk unguwarmu babu mai yi kamarsa.

Lauratu 'yar garin Hawata ce, daga bakin kogi. Fura da nono, wadda a nan ake ce wa godo-godo, take sayarwa a kasuwar hatsi, kuma 'yan dako sun gwammace su bi layi a gabanta da su sha ta wata nan take. Tana da wushirya, tana kuma da dariya wadda ake ji daga kan titi. Ba zan ɓoye ba, ni ma na yi kishinta a shekarun farko, don uwata da bakinta ta ce furar Lauratu ta fi tawa laushi. Daga baya muka zama aminai, tunda kusan kullum a ɗakina take zuwa ta huce.

Shekarar da hukuma ta raba filaye a gefen unguwarmu, Ya'u yana can Simsim ana shuka. Lauratu ce ta yi kwana da kwanaki tana tsayuwa a ofishin filaye da goyo a baya. Da aka zo rubuta suna, ta ce a sa su biyu, tunda guminta da nasa ne suka haɗu. Haka aka yi. Da Ya'u ya dawo ya ga takardar, sunansa da nata a layi ɗaya, sai da ya karanta sau uku. Ya naɗe ta a fata ya sa a akwatinsa na ƙarfe, wanda yake tafiya da shi gona. Ranar da suka fara shiga filin ina nan. Lauratu ta sa dunduniya ta zana murabba'i a ƙasa, gefen gabas, ta ce, "Nan ɗakina na jan bulo, da rufin kwano." Ya'u ya yi dariya ya ce in sun je Makka sun dawo. A ranar ya kafa gutiyya.

Shekara goma sha tara suka yi, da 'ya'ya uku, kuma duk damina maganar ɗakin nan sai ta taso. Wanda bai san ƙasar Gadarif ba, ba zai gane ba. Baƙa ce, in ta sha ruwa sai ta kama ƙafa ta cire maka takalmi, danshi ya taso ta ƙarƙashin gado, tufafi su yi warin ruma. Ya'u kuwa daidai lokacin ne yake can gona wata uku. In ya dawo ta yi masa magana, amsarsa ɗaya ce: matafiyi ba ya gini. Makkar kuma kullum sai bayan riɗi. In an yanke riɗi sai a ce bayan dawa, in an sussuke dawa sai a ce baɗi.

Saki biyu ya riga ya yi mata kafin wannan. Na farko saboda mai jakin ruwa, wanda ya ƙara mata rabin tulu kyauta. Na biyu saboda wani ɗan dako da ya ce furarta ta fi ta uwarsa. Duka biyun kafin sati ya zagayo yana ƙofar ɗakina yana roƙo in je biko. Na ce masa, "Yaya, saura ɗaya fa. Ka ɗaure bakinka." Ya rantse mini ya daina.

Na ukun a kan Haladu ne. Haladu magini ne, ɗan unguwarmu, matarsa ta rasu, mutum mai sanyi wanda in yana magana sai ka matso. Wata damina ruwa ya yi wa Lauratu ɓarna, ya jiƙa mata gero, sai ta kira shi don kawai ya faɗa mata bulo nawa ɗaki ɗaya zai ci, ta samu abin da za ta gaya wa mijinta. Da rana tsaka ya zo, yara suna tsakar gida, ni ma ina zaune ina tsefe wa Saratu kai, babbar 'yarsu. Ya ja igiyarsa a kan wurin nan da ta taɓa zanawa, ya faɗi abin da zai faɗa, ya tafi, ko ruwa bai sha ba. Amma wani direban lori ya kai labari Simsim cewa an ga magini yana awo a gidan Ya'u. Ya'u bai sauko daga kan tarakta ya zo ya tambaya ba. Ya sa aka rubuta masa takardar saki, ya bai wa direban nan ya kawo.

Da ya dawo bayan girbi ya ji yadda abin ya kasance, sai ya zauna a ƙofar ɗakina ya haɗa kai da gwiwa har la'asar. Amma maimakon ya yi shiru da kunyarsa, sai ya shiga gari yana faɗa wa duk wanda ya tsaya cewa Haladu ne ya raba shi da iyalinsa. A masallaci, a wurin mai shayi, a tashar lori. Ni na tabbata Haladu bai taɓa ɗaga ido ya dubi Lauratu ba sai da Ya'u ya yi shekara guda yana haɗa sunansu. Mutum ya yi ta jin ana cewa yana son mace, wata rana ai zai duba ya ga wace ce. Bayan shekara ɗaya da rabi aka ɗaura musu aure.

"Kin gani ko?" in ji Ya'u. "Ban faɗa ba?"

Na ce, "Kai ka kai shi har ƙofa, Yaya."

Lauratu ta ce ba za ta bar gidan da ta tsaya wa a rana ba, don haka Haladu ne ya tattaro kayansa ya dawo can. Ya'u kuma ya kafa 'yar gutiyya a gidana. Nan maganar takarda ta taso. Ofishin filaye ba ya ba da izinin ginin bulo sai masu fili sun yarda su duka. Dattawa suka zauna suka ce abu mai sauƙi ne: a je wurin lauya, Ya'u ya yi tanazul, wato ya sa hannu ya saki rabinsa ya koma sunan Lauratu, ita kuma ta ba shi hakkinsa. Ko tambayar nawa ne bai yi ba. Ya ce ba ya sayarwa, ba ya kyauta, ba ya musaya.

Na san dalilinsa, don na sha ganinsa da hantsi ya buɗe akwati ya warware fatar nan yana kallo. Duk duniya a takardar nan kaɗai ta rage sunansa yake kusa da nata. Kuma ya san muddin bai sa hannu ba, Haladu da duk gwanintarsa ba zai iya ɗora bulo ko ɗaya a gidan ba. Magini yana kwana a ɗakin ciyawar da wani ya yi: wannan kaɗai yake sa Ya'u cin abinci da daɗi. A ƙarƙashin ransa kuma yana jira ne Haladu ya gaji ya sake ta, hanya ta buɗe masa.

Da damina ta matso ya yi abin da har yau ake ba da labarinsa a unguwarmu. Ya cika amalanken jaki da ciyawa, ya yi sallama a gidan, ya ce ya zo baibayar rabonsa. Ya hau jinka, ya ɗaura igiya daga tsororuwa ya sauko da ita gabas, ya sake saukowa da wata yamma, ya raba ɗakin biyu. Ya baibaye rabi, tsaf, kamar na amarya. Ɗaya rabin ya bar shi da tsohuwar ciyawa baƙa.

Haladu ya fito ya tsaya yana kallo. Ya ce, "Sannu da aiki, Malam Ya'u. A kawo maka shayi?"

Wannan sanyin nasa shi ya fi komai ƙona ran yayana. Ya sauko ya kaɗe jikinsa ya tafi Simsim.

Haladu ya ɗauko wani ya baibaye sauran rabin. To amma jinka ba a yin ta rabi da rabi. Zagayawa ake yi da yantar ciyawa, daga ƙasa zuwa sama, kowane zagaye yana rufe bakin na ƙarƙashinsa, shi ya sa ruwa ke gangarewa. In hannu biyu suka haɗu a tsaye, wurin haɗuwar nan kamar ka buɗe wa ruwa hanya ne. Ya'u ya fi kowa sanin haka. Daminar nan ruwa ya yi ta zuba a tsakiyar ɗaki, layi guda daga bango zuwa bango, daidai kan gado. Abin da Ya'u bai yi tunani ba shi ne, in an yi ruwa mai ƙarfi ƙaramin ɗakin yara cika yake yi, sai su dawo wurin uwarsu. Saratu ta kamu da tari wanda ya kai ta har kaka.

Bayan an yanke riɗi ya dawo, washegari da safe Lauratu ta shigo gidana. Shekara biyu ke nan ba su haɗa ido ba. Yana zaune a kan tabarma yana shan kunu, da ya gan ta sai ya ajiye ludayin. Ba ta zauna ba.

Ta ce, "Baban Saratu, kef halak? An dawo lafiya?"

"Alhamdu lillahi."

"Ba faɗa na zo ba. Tambaya ɗaya ce. Shekara goma sha tara kana ce mini matafiyi ba ya gini. Na haƙura, na ce maganar Modibbo ce, Allah ya jiƙansa. Tayyib, na ji. Da Modibbo ya rasu, me ya bari?"

Ni na amsa daga bakin murhu: buta, da allo, da sanda.

"Ba fili?"

Na ce babu, a filin aro ya zauna.

Ta ce, "To ka zaɓa, ya zol, bawan Allah. In kai ɗan hanya ne, ɗan hanya ba ya riƙe rabin gida, sai ka sa yatsa ka saki ƙasar. In kuma kai mazaunin Gadarif ne mai fili da takarda, to ka faɗa mini a gaban Kande me ya hana ka yi mini ɗaki duk shekarun nan. Ko wanne ka ce, na karɓa. Halas, shi ke nan."

Na dubi yayana, na ga tarko ya kama shi. In ya riƙe takarda, ya yarda ke nan cewa maganar ubansa ba ta ɗaure shi ba, shi ne kawai ya ga dama ya bar ta cikin danshi. In ya riƙe maganar ubansa, takarda ta tafi. Ya ture kwanon kunun gefe. Can ya ce, a hankali, "Yaya jikin yarinyar?"

"Tana tari."

"Gobe a je wurin muhami, lauyan nan."

Na bi su, tare da dattawa biyu masu shaida. Ofishin lauyan wani ƙaramin ɗaki ne a bayan kasuwa, yana warin riɗi saboda rumbunan da ke kusa. Aka karanta tanazul ɗin da Larabci, aka tambayi Ya'u ko ya fahimta, ya ce ya fahimta. Maganar hakkinsa kuwa ya ce a bar wa yara. Ya dangwala babban yatsa a tawada ya danna. Sai lauya ya miƙo hannu ya ce a ba shi tsohuwar takarda.

"Wannan tawa ce," in ji Ya'u. "Ku yi mata sabuwa."

"Malesh, yi haƙuri, ya hajj, sai an mayar da ita ofis kafin a fitar da sabuwa."

Larabawa kowane dattijo hajj suke ce masa, amma na ga yadda kalmar ta soke shi. Ya warware fatar, ya sa yatsa a kan layin nan mai suna biyu, har tawadar ta ɓata gefensa, sannan ya miƙa. Fatar kaɗai ya mayar aljihu. A hanya, da muka zo kwanar gida, ya ce mini, "Ƙasar nan ba ta riƙe gini. Ki ba shi shekara biyu, zai tsage."

Gaskiya ne ƙasar Gadarif tana fasa gini. Da rani takan dare har ƙafar akuya ta faɗa, da damina ta kumbura, bango ya bi ta. A kan wannan Ya'u ya ɗora ransa. Amma Haladu ya san aikinsa. Ya haƙa tushe har ƙirjinsa, ya kwashe baƙar ƙasar, ya zuba yashi da dutse, ya bari damina ɗaya ta wuce a kai kafin ya ɗora bulo. Ɗaki ya tashi ja wur a gefen gabas, daidai inda dunduniyar Lauratu ta zana. Ya'u ya daina bin layin, sai dai ya zagaya ta bayan masallaci. Amma duk dawowarsa daga Simsim, kafin ya cire takalmi, tambayarsa ɗaya ce.

"Kande, ya tsage?"

"Bai tsage ba."

"Kin duba ta baya?"

Shekara goma sha huɗu ina ba da wannan amsa. A cikinsu ne Haladu da Lauratu suka hau jirgin ruwa suka yi aikin hajji. Masu ginin bulo suka je Makka suka dawo, ɗan hanya yana nan yana jiran bayan riɗi. Wannan ya ci shi fiye da auren, kwana uku bai fita ba. Hajiya Lauratu ta aiko masa da zamzam da hula ta hannun Saratu. Ya sha zamzam ɗin, ya juya hular a hannu, ya tambayi yarinyar wa ya zaɓe ta a kasuwa, uwarta ko mutumin nan. Da ta ce ba ta sani ba, sai ya rataye ta a ƙusa. Bai taɓa sa ta ba, bai kuma yarda kowa ya taɓa ta ba.

Tarakta ta gama da bayansa, ƙurar gona ta gama da ƙirjinsa. Shekarar da ya kwanta bai iya hawa jinkarsa ba, wanda muka ɗauka kuma ya yi aikin banza. Ruwan farko ya same shi a kan gado. Nawa ɗakin bai fi nasa ba. Ina tsaye ina tara kwanoni a ƙarƙashin yoyo, sai ga Haladu da amalanke, shi ma ya tsufa, gemu fari fat. Ya ce, "Malam Ya'u, Saratu ta ce in ban kawo ka ba kada in dawo." Da Ya'u yana da ƙarfi, na san da sai an yi dambe. Ya juya fuska bango ya ce ba ya zuwa. Haladu ya ce ya ji, ya sa hannu ya ɗauke shi kamar damin kara.

A ɗakin jan bulo suka kwantar da shi, su kuma suka koma gutiyya. A rana ta uku da azahar aka yi ruwa mai ƙarfi, kwano yana ta ƙara a samanmu. Ina zaune a gefensa na ga ya miƙa hannu yana shafa bango, daga inda hannunsa ya kai sama har ƙasa, ya bi kusurwa da yatsa, ya leƙa bayan gado. Sannan ya ɗaga ido ya bi rufin tun daga wannan gefe har wancan. Ko ɗigo babu.

Lauratu ta zo da kunu ta tsaya a bakin ƙofa, mayafinta a jiƙe, ta miƙo mini kwanon. Ya dube ta, ita ma ta dube shi.

Ya ce, "Bai tsage ba."

Ta ce, "Bai tsage ba, Baban Saratu."

Ya sake ɗora tafin hannunsa a bangon, ya bar shi a nan. Na ɗauka zai ce wani abu a kan Haladu, don na saba. Sai na ga hawaye yana gangara masa zuwa kunne.

Ya ce, "Da ni na gina miki shi."

Lauratu ta shigo ta karɓi kwanon daga hannuna, ta ce in ɗago kansa kafin kunun ya huce.